Ƙwayar Ƙarin Jini da Sankarar Mama: Tsakanin Hujja da Zato

Idan la'asar ta yi sakaliya a Sharaɗa, aka buɗe ƙofofin kamfanoni, ma'aikatan rana suka fara fitowa na dare suna shiga, wanda duk ya tsaya a bakin titi zai ga ayarin mata, waɗansu da ƙurar riɗi a gefen hijabi, waɗansu tafin hannunsu ya rine da zoɓon da suka yini suna tsincewa, waɗansu kuwa warin narkakkiyar roba bai gama barin tufafinsu ba. Kuma kafin su tari a-daidaita-sahun da zai kai su gida, da dama daga cikinsu sai sun ratse wurin mai kemis.

Cinikin ba ya ɗaukar lokaci. "Malam, a haɗa mini na gajiya da na ƙarin jini." "To Hajiya, na nawa za a haɗa?" Sai ya ɓallo ƙwayoyi, fara da ja da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a 'yar leda, ba takardar likita, ba tambayar ko tana da juna biyu, balle a bincika ko akwai wata cuta da ake yi mata magani. Haka abin yake a Bompai, haka yake a hanyar Challawa da Panshekara, kuma da wuya a kwance irin wannan ƙulli a rasa bitamin B a ciki, ko dai wanda ake kira bi-kwamfiles, ko kuwa 'yar ƙwayar folik asid.

A kan waɗannan ƙwayoyi ne magana biyu masu karo da juna suke yawo a bakin jama'a. Ɗaya tana cewa garkuwa ne daga sankarar mama, ɗaya kuwa tana cewa su ne ma suke haddasa ta. Tun da yake sankarar mama ita ce dajin da ya fi kama matan Nijeriya, har cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 32,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan, wajen 16,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya, ya zama wajibi a zauna a rarrabe abin da hujja ta tabbatar daga abin da yake zato ne kawai.

Iyali guda mai 'ya'ya takwas

Abin da ake kira bitamin B iyali ne mai 'ya'ya takwas, kowanne da aikinsa a jiki, amma uku ne suka shafi batunmu, wato B6, da B9 wanda shi ne folet ko folik asid, da B12. Hikimar Ubangiji ta sanya duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, ko a ɓargon da ke ƙera jini, ko a jikin ɗan tayin da ke girma a mahaifa, dole sai ta kwafi kundin gadon da ke cikinta, kuma wannan kwafi ba ya kammala sai da taimakon folet da B12.

Allah bai hana ƙasar Hausa waɗannan sinadarai ba. Folet yana cikin alayyafo da zogale da rama da wake da gyaɗa da hanta. B12 yana cikin nama da kifi da ƙwai da nono. B1 kuwa yana cikin dusar gero da dawa, wadda ake surfewa a bai wa awaki. Sai dai dafa ganye har ya narke yana rage folet, haka nan yawan kanwa a girki yana lalata B1. Fitsarin nan kuwa mai ruwan ɗorawa da mai shan bi-kwamfiles ke gani, har ta ɗauka alama ce magani ya kama jiki, B2 ne wanda jiki bai buƙata ba ya fitar da shi.

Ba abin mamaki ba ne matan kamfanoni su riƙa neman maganin ƙarin jini, domin binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Macen da ta fito tun asuba da shayi da burodi, ta yini a tsaye ko a durƙushe, ta koma gida ta tarar da girki da yara, lalle za ta ji gajiya da jiri. Amma akasarin ƙarancin jini a yankinmu daga rashin sinadarin ƙarfe yake, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa da kusa, da yawan zubar jinin haila, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da bi-kwamfiles kaɗai ke warkarwa.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wato cewa waɗannan unguwanni na masana'antu su da kansu suna zuba bitamin a abincin jama'a. Tun daga 2002 doka ta wajabta wa masu niƙa fulawa da masu tace man girki da sukari su ƙara bitamin A, daga bisani aka faɗaɗa ƙa'idar fulawa ta haɗa da folik asid da sauran 'yan'uwansa. Saboda haka fulawar da ke fitowa daga injinan niƙa, irin na Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai tun shekarun 1970, tana shiga burodi da taliya da fanke ɗauke da nata kason.

Daga masaƙun Bombay zuwa asibitin Boston

Tarihin folik asid ya faro ne a tsakanin mata ma'aikatan kamfani irin waɗannan na Sharaɗa. A shekarar 1928 wata likita Baturiyar Ingila mai suna Lucy Wills ta tafi birnin Bombay na ƙasar Indiya domin ta binciki wani mugun ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki, musamman talakawa masu aiki a masaƙu. Bayan ta yi nazarin abincinsu, sai ta gano a 1931 cewa wani abu da ke cikin yis da hanta yana warkar da su, kuma shekara goma bayan haka masana suka tace wannan sinadari daga ganyen alayyafon Turawa.

Amma ba a jima ba ɗaya fuskar al'amarin ta bayyana. A 1947 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya gwada bai wa yara masu sankarar jini dangin folik asid, sai ya lura cutar ƙara gudu take yi. Wannan ya sa ya juya tunaninsa, ya nemi maganin da zai toshe hanyar folet, kuma a 1948 ya ba da rahoton cewa cutar ta lafa a jikin waɗansu yaran na ɗan lokaci. Daga wannan tushe ne maganin methotrexate ya fito, wanda likitocin birnin Milan na Italiya suka nuna a 1976 cewa idan aka haɗa shi da waɗansu magunguna biyu bayan tiyata yana rage dawowar sankarar mama.

A nan shubuhar ta samo asali. Folet kamar taki yake, wanda ba ya bambance dawa da ciyawa: idan ya wadata a jiki mai lafiya yana taimakawa a kwafi kundin gado ba tare da kuskure ba, idan kuwa akwai ɓoyayyen ƙari da ya riga ya tsiro, ana tsoron yawansa ya ciyar da shi. Wannan tunani mai ma'ana ne a hankalce, amma hankali kaɗai ba ya yanke hukunci a ilmin likitanci sai an gwada an gani.

Abin da bincike ya nuna

Bincike iri biyu ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai na sa ido, inda ake bin rayuwar dubban mutane ana rubuta abin da suke ci da cutar da ta same su. Akwai kuma gwajin ƙuri'a, inda ake raba mutane gida biyu, a ba waɗansu maganin gaske, waɗansu kuma ƙwaya marar komai, ba tare da sun san wadda suka samu ba. Na biyun ya fi ƙarfin hujja, domin haɗuwar abu biyu a wuri ɗaya ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne sababin ɗayan.

A ɓangaren sa ido, wani babban nazari da aka buga a 1999, wanda ya bi ma'aikatan jinya mata fiye da 88,000 a Amurka har shekara 16, bai ga alaƙa tsakanin yawan folet da sankarar mama ba a jimlace, sai dai a tsakanin masu shan giya a kai a kai, inda folet ya rage musu haɗarin da giyar ta jawo. Wannan fa'ida ba ta da wani tasiri ga mafi yawan matan Kano, waɗanda addini da al'ada suka riga suka nesanta su da barasa.

A 2006 kuma wani nazarin, a kan mata wajen 25,000 da suka daina haila, ya ga masu shan ƙwayar folik asid sun fi marasa sha kamuwa da cutar da kusan kashi 20 cikin 100. Masu cewa bitamin na kawo daji da irin wannan suke kafa hujja, alhali kuwa masana sun yi nuni da cewa matan da ke sayen bitamin sukan bambanta da sauran mata ta fuskoki da yawa, ciki har da yawan zuwa asibiti a duba su, wanda kan sa a fi gano cutar a jikinsu.

Da aka zo gwajin ƙuri'a, sai ƙura ta lafa. A 2008 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa mata fiye da 5,400 a Amurka, waɗanda aka ba rabinsu folik asid da B6 da B12 masu yawa kullum har sama da shekara bakwai, kuma ba a ga ƙaruwa ko raguwar sankarar mama da za a dogara da ita ba. A ƙasar Norway gwaji biyu a kan masu ciwon zuciya kusan 6,800 sun nuna 'yar ƙaruwar daji ga waɗanda aka ba folik asid da B12, amma galibinsa na huhu ne. Sannan a 2013 mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 13 da suka ƙunshi mutum wajen 50,000, ta tarar cewa a cikin kimanin shekara biyar na shan folik asid, daji bai ƙaru ba kuma bai ragu ba, har da na mama.

Magana mafi rinjaye ke nan a wurin masana: ƙwayar bitamin B ba rigakafin sankarar mama ba ce, kuma ba a tabbatar tana haddasa ta ba idan an sha bisa ƙa'ida. Sai dai a tuna cewa akasarin waɗannan nazarce-nazarce a Amurka da Turai aka yi su, a tsakanin matan da abincinsu da yawan haihuwarsu suka bambanta da namu, kuma daji cuta ce mai tafiyar hawainiya wadda kan ɗauki fiye da shekara biyar kafin ta fito fili. Don haka rashin tabbatar illa ba lasisin israfi ba ne.

Mizani shi ne magana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai ciki ta sha maikurogiram 400 na folik asid kullum tare da sinadarin ƙarfe, masana abinci a Amurka kuma sun sanya 1,000 a matsayin iyakar da bai kamata mai lafiya ya ƙetare ba sai da umarnin likita. 'Yar ƙwayar da aka fi samu a kemis ɗinmu kuwa ta miligiram 5 ce, wato maikurogiram 5,000, ninki goma sha biyu da ɗoriya na abin da mai ciki ke buƙata.

Wannan babban awo yana da masu shi: masu ciwon sikila, da macen da ta taɓa haihuwar jariri mai tawayar ƙashin baya, da masu shan waɗansu magungunan farfaɗiya. Ga wanda ba ya cikinsu, yawan folik asid yana iya ɓoye ƙarancin B12, jini ya gyaru a ido alhali jijiyoyi suna lalacewa a ɓoye. Haka kuma miligiram 5 a kullum yana raunana Fansidar da ake bai wa masu ciki don kariya daga zazzaɓin cizon sauro. B6 ma, idan aka daɗe ana shan mai yawa, yana jawo dindiris da jin kamar ana tsira allura a hannu da ƙafa.

Mai ciki da mai jinya

Mata biyu ne jita-jita ta fi cutarwa, kuma hukuncinsu ya saɓa. Ta farko ita ce mai ciki ko mai shirin ɗaukarsa, wadda idan ta ji an ce bitamin na kawo daji ta jefar da maganin da aka ba ta wurin awo, ta yi babbar hasara. Domin gwajin da hukumar binciken likitanci ta Ingila ta buga a 1991 ya tabbatar folik asid yana rage maimaituwar tawayar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jarirai da kusan kashi 70 cikin 100, kuma wannan sashe na jikin ɗan tayi yana haɗewa ne a cikin kwana 28 na farko, tun kafin mace ta tabbatar tana da ciki. A nan maslaha yaƙini ce, mafsada kuwa zato, kuma ba a barin yaƙini saboda zato.

Ta biyu ita ce wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar, ake yi mata ƙarin ruwan maganin daji, 'yan'uwa kuma saboda tausayi suna kawo mata kwalaben ƙarin jini. Wani nazari da aka buga a 2020 a kan masu sankarar mama fiye da 1,100 a Amurka ya ga waɗanda suka sha B12 kafin magani da lokacinsa sun fi fuskantar dawowar cutar. Ko da yake na sa ido ne, ya isa ya zama gargaɗi. Folik asid kuma yana iya ƙara dafin wani maganin daji mai suna capecitabine. Wajibi ne mai jinya ta nuna wa likitanta duk abin da take sha, na kemis da na gargajiya.

Kowa da hujjarsa

Masu kemis suna kare kansu da cewa su ne asibitin talaka, domin mai aikin yini idan ta tafi layin asibiti ta rasa kuɗin ranar, kuma bitamin ya fi sauran abin da ake nema a wurinsu sauƙin illa. Likitoci da masana haɗa magunguna suna amsawa da cewa gajiya alama ce, ba cuta ba, kuma gwajin jini mai sauƙi ya fi shekara guda ana shan ƙwaya a makance. Ungozomomi kuwa kukansu dabam ne, domin abin da ke damunsu shi ne masu cikin da ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa, ko su karɓi maganin su ajiye saboda tsoron kada jariri ya yi girma.

Hukuma ma tana da nata kason. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna da abinci, kuma a 2024 ita da hukumar kula da masu haɗa magunguna da sayar da su suka matsa wa dillalan Sabon Gari su koma sabuwar kasuwar magani da ke Dangwauro a hanyar Zariya. Wannan mataki ne a kan jabu da gurɓataccen magani, amma ƙwayar da aka ɓallo daga kwalinta aka ƙulle a leda ba ta ɗauke da lamba, ba suna, ba ranar lalacewa.

Inda haɗarin yake a haƙiƙa

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sankarar mama sanannu ne: yawan shekaru, da samun cutar a uwa ko 'yar'uwa, da ƙiba bayan daina haila, da rashin motsa jiki, da giya. Cibiyar binciken daji ta duniya ta kuma sanya aikin dare na tsawon lokaci cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo daji, a 2007 da kuma 2019, abin da ya kamata masu kamfanonin da injinansu ba sa kwana su yi la'akari da shi. Shayarwa kuwa kariya ce, domin wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100, wanda ya dace da shayarwar shekara biyu da addininmu ya kwaɗaitar. Duk da haka, kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna face kasancewarsu mata da shekaru suka fara ja.

Abin da ke kashe matanmu shi ne jinkiri. Mace za ta ji ƙullutu a mama, ta ga ba ya ciwo, ta yi shiru saboda kunya ko tsoron a yanke. In ta fara rama sai ta nemi na ƙarin jini, in ya fashe sai a ce daji ba ya son allura, a koma shafe-shafe da hayaƙi, sai an ƙure sannan a ɗauke ta zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Murtala, ko a tura ta asibitin Shika a Zariya domin a gasa dajin da na'ura. Mafi yawan masu cutar a Nijeriya a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti, alhali a ƙasashen da ake gano ta da wuri fiye da kashi 90 cikin 100 suna haura shekara biyar a raye. Saboda haka ne shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya nemi a kammala binciken duk macen da ta kawo kuka cikin kwana 60.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ga masu kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda gumin waɗannan mata ke juya dukiyarsu, ba zai gagare su ba su gayyato ma'aikaciyar jinya mace, ko da sau biyu a shekara, ta auna jinin ma'aikata ta duba mama a cikin sirri, kuma su bar mai zuwa asibiti ta tafi ba tare da an yanke mata kuɗin yini ba. Ga masu kemis, amana ce a wuyansu su tambaya kafin su ɓallo, su kuma tura mai ƙullutu asibiti maimakon su haɗa mata magani. Ga malamanmu na Islamiyya da limaman Juma'a, kalma ɗaya daga bakinsu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma larura ta halatta wa likita duba al'aura, za ta kai inda sanarwar rediyo ba ta kai ba. Ga magidanta, kada izini ko kuɗin mota ya zama sanadin jinkiri.

Ke kuma 'yar'uwa, in kina da ciki ko kina shirinsa, sha folik asid kamar yadda aka umarce ki wurin awo. In lafiyarki ƙalau, nemi bitamin ɗinki a wake da ganye da ƙwai da nono, gajiyar da ta ƙi wucewa kuma a auna jini a san dalilinta. In kina jinyar daji, kada ki sha komai sai da sanin likita. Ki riƙa duba mamanki sau ɗaya a wata bayan wankan tsarki, kuma duk ranar da kika ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kika ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar wurin ta canza, to, kada ki biya ta kemis, ki nufi asibiti a cikin makon nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya.